Ruwan Batir da Lambar Malam

Har yau in na ga an cika jug da zoɓo ja wur sai raina ya ɗan ɓaci, alhali zoɓo bai yi mani laifin komai ba. Launin ne ke mayar da ni ɗakin gwaje-gwaje na wata makarantar 'yan mata mai zaman kanta, can wajen Ƙofar Durbi, inda na koyar da kemistiri shekara uku bayan na gama hidimar ƙasa. Kwalabe arba'in da biyu na gani rannan jere bisa benci. Arba'in da ɗaya sun yi ja kamar zoɓo, ɗaya tak ce ke da launin da ya kamata. Mai wannan ɗayar ita aka ba sifili.

Aikin ba wani abin wahala ba ne. Ruwa iri biyu ake ba yarinya. Na farko asid, a cikin wani dogon bututun gilashi mai ma'auni da ɗan famfo a ƙasa, shi muke kira burat. Na biyu ruwan soda, wato sodiyam kabonet, ɗan'uwan kanwa. Za ta auni mililita ashirin da biyar na ruwan sodar a kwalba, ta ɗiga masa maganin launi ya koma ɗorawa. Sai ta riƙa sakin asid ɗigo-ɗigo tana kaɗa kwalbar, har ɗorawar ta juye ta koma ruwan lemo. Nan take za ta rufe famfo, ta karanta yawan asid ɗin da ya sauka. In ta zarce, ruwan ya yi ja, aiki ya ɓaci, sai a sake. Da wannan lambar da ta karanta take lissafa yawan sodar da ke cikin ruwan, ta hanyar layi ɗaya da na rubuta a allo har hannuna ya gaji:

Na₂CO₃ + 2HCl → 2NaCl + H₂O + CO₂

Mol ɗaya na soda yana cin mol biyu na asid, ba ƙari ba ragi. Nakan ce masu mol tiyar masu kemistiri ce, da ita muke awon ƙwayoyin sinadari. Duk lissafin ya rataya ne ga abin da ido ya gani a jikin burat.

To amma a makarantar nan ba a buƙatar ido, domin akwai lambar Malam.

Malam shi ne shugaban sashen kimiyya. Ya girme ni nesa ba kusa ba, mutum ne mai fara'a, mai son turare, kuma wallahi ya san kemistiri fiye da ni. Kowace shekara haɗi ɗaya ake yi: giram biyar da ɗigo uku na soda a lita, asid kuma mol 0.1 a lita. Lissafi ya ce mililita ashirin da biyar cif za su sauka. Sai Malam ya ɗan rage mata ya mayar da ita 24.90, wai don ta yi kama da aikin hannun ɗan Adam. Har koya wa yara yake yadda za su yi mata ado: a rubuta 25.10 a gwajin farko, sannan 24.90, 24.80, 24.90. "Kada ku rubuta iri ɗaya duka," yake ce masu, "mai maki ba yaro ba ne." Yayye sun gadar wa ƙanne lambar nan. Akwai yarinyar da ta shigo aji huɗu ba ta san mene ne asid ba, amma ta san 24.90.

A shekarata ta farko na yi magana. Ya saurare ni har na gama, ya yi murmushi, ya ce, "Malama, ke kemistiri kike koyarwa, ni sakamako nake fitarwa. Iyaye kuwa sakamako suke karantawa a allon bakin ƙofa." Na fita ina ƙunƙuni, na gaya wa mijina, na gaya wa ƙawayena, kowa ya ce tir. Daga nan kuma na ja bakina na yi shiru, ina cika ina batsewa ni kaɗai. Na ɗauka ƙyamar da nake ji ta isa ta wanke ni.

A shekara ta uku aka zo jarabawar gwaji ta 'yan aji shida. Dokar mai makarantar ita ce, duk wadda ta faɗi gwajin aiki da hannu ba za a sa sunanta cikin masu rubuta kemistiri a babbar jarabawa ba, don kada ta ɓata allon bakin ƙofa. Ranar Talata za a yi gwajin, ranar Alhamis da azahar a rufe jerin sunaye. Ni aka ba haɗa ruwan.

Ba a haɗa irin wannan da ruwan famfo ko na burtsatse, saboda gishirin da ke ciki. Tsarkakakken ruwa ake so, wanda aka dafa aka tara tururinsa, wanda a ɗakin gwaji muke ce wa distil. Na haɗa asid da sauran da muke da shi, sai ya ƙare kafin in zo kan soda. Na kira Baba mai kula da sito, dattijo mai gaskiya da ba ya son a maimaita masa magana.

"Baba, distil za ka samo mana, jarka guda."

"Mine ne kuma distil, Malama?"

Na tsaya ina laluben Hausarsa. Ruwan tururi? Ai sai ya kawo mani tafasasshen ruwa a buta. Tataccen ruwa? Sai ya sayo na leda. Can sai na tuna inda mutanen gari suka san shi.

"Ruwan batir, Baba. Irin wanda ake ƙara wa batirin mota."

"Yo haka za ki ce! Akwai mutumina a Ƙofar Guga."

Kafin la'asar ya dawo da jarka mai cin lita ashirin ɗaure a bayan babur. Na auna sodata daidai, ban yi ha'inci ko na ƙwayar gero ba. Da na zuba ruwan a kai na ga 'yan kumfa ƙanana suna tasowa. Na gan su da idona, ba zan ce ban gani ba. Zafi ake yi kamar me, an ɗauke wuta, fanka tsaye, ɗiyata tana jirana a Islamiyya. Na ce wa kaina iska ce, na girgiza, na rufe, na tafi gida.

A ajin nan akwai wata yarinya doguwa, marar yawan magana. Iyayenta makiyaya ne da suka zauna a bayan gari, ita kuma tana wajen gwaggonta a Ƙofar Marusa saboda karatu. Likitan dabbobi take son zama, kuma ba irin son da yara ke faɗa don a yaba masu ba. Tun tana ƙarama ita ke karanta wa mahaifinta ma'aunin sirinji in za a yi wa maruƙa allura, ta kuma taɓa ganin abin da ƙarin layi biyu ya yi wa ɗan maraƙi. Ita kaɗai ce a ajin ke durƙusawa sai idonta ya yi daidai da bakin ruwan cikin burat kafin ta karanta. Sauran suna yi mata dariya, wai tana gaida gilashi. Ba kemistiri a takardarta, ba maganar likitan dabbobi, kuma ta san haka.

Ranar Talata ina zagayawa tsakanin benci. Abin da na gani ya ishe ni. Yarinya za ta saki asid, launi ya juya, ta dubi burat, ta dubi maƙwabciyarta, sai ta sake buɗe famfo har ruwan ya sauka 24.90, kwalba ta yi ja wur. Wata ma ba ta wahalar da kanta ba, da kwalbarta ta yi ja sai ta zubar da sauran asid ɗin cikin kwatami har ya kai lambar, ta zauna tana gyara hijabi. Wata ta cika teburin awonta tun kafin ta taɓa famfo. Kai, abin ƙazanta! Na saba ganin suna zarcewa, don haka ban tsaya na tambayi kaina me ya sa yau duka ajin ya zarce haka da yawa ba. Tsaki kawai nake ja ina wucewa, ina jin na fi su.

Sai doguwar nan ta ɗaga hannu.

"Malama, nawa a ashirin yake juyawa. Sau uku na yi."

Na duba kwalbarta. Ruwan lemo ne sak, irin wanda ake nunawa a littafi. Na duba burat, ashirin cif. Malam yana bakin ƙofa yana amsa waya. Da ina da hankali da nan take na tuna kumfar jiya. Amma abin da ya zo mani shi ne jerin sunayen Alhamis, da surutun da za a yi. Na sunkuya na yi ƙasa da murya.

"Ki rubuta abin da kowa ke rubutawa. Kada ki jawo wa kanki."

Ta ɗago ta dube ni. Na wuce benci na gaba. Da aka tattara takardu na leƙa tata: 20.10, 20.00, 20.00. Ta bi lissafin tsaf, ta sami mol 0.04 a lita, giram 4.24. Ba kuskure ko ɗaya a layukan.

Da yamma Malam ya yi maki a ɗakin malamai. Da ya zo kan takardarta sai ya ƙyalƙyale da dariya, ya ɗaga ta sama. "Ku zo ku ga ikon Allah. Wannan ta zaci nono take aunawa." Ya zagaye lambobin da jan biro, ya sa sifili, duk lissafin da ya biyo baya ya bi su.

Raina ya ɓaci, na ce, "Malam, na ga kwalbarta da idona. A ashirin ta juya."

"Wa ya auna sodar?"

"Ni."

"Giram nawa?"

"Biyar da ɗigo uku."

"To madalla. Ko dai awonki ya yi ƙarya, ko idonta. Zaɓi ɗaya, Malama, ni duk wanda kika zaɓa na yarda."

Ban zaɓa ba. Na ɗauki jakata na fita, ina jin malamin lissafi yana maimaita maganar nonon ana ta dariya.

Ranar Laraba ina da sa'a biyu ba aji. Na kulle kaina a ɗakin gwaji, na ɗebo sauran ruwan na yi aikin da kaina. Ashirin. Na sake. Ashirin. Na wanke komai na sake na uku, ina roƙon Allah ya sa in ga wata lamba dabam, don in huta. Ashirin. Sai a lokacin kumfar ta faɗo mani a rai. Na tsiyayo ruwan jarkar Baba a kofi, shi kaɗai, na ɗiga masa maganin launi. Ko kaɗawa ban yi ba ya yi ja.

Innalillahi. Na zauna bisa kujera na juya bayan wata tsohuwar takarda. Mililita ashirin da biyar na sodata ya kamata su ci mol 0.0025 na asid. Abin da suka ci daga burat 0.0020 ne. Ke nan 0.0005 sun riga sun ci tun daga ruwan jarka, kafin yara su taɓa su. A lita guda 0.02 ke nan. Asid ɗin batir, H₂SO₄, mol ɗaya nasa yana aikin biyu, don haka mol 0.01 a kowace lita, mol 0.2 a jarka mai lita ashirin. Ƙarfin wanda ake zuba wa batir bai wuce mol huɗu a lita ba, ko sama kaɗan. Wani ya zuba kusan mililita hamsin na asid a jarkar nan. Yarinyar da aka ce nono take aunawa ita kaɗai ta gano shi, da ido da famfo, a aji mai mutum arba'in da biyu da malamai biyu.

Na san Malam. In na kai masa takarda kawai zai ce ni na gurɓata jarkar daga baya. Shaida nake so daga bakin mai ruwan. Ranar Alhamis da sassafe na nemi izini, na ɗauki Baba muka nufi Ƙofar Guga.

Shagon ɗan ƙarami ne, batura jere a ƙasa da wayoyi kamar igiyar shanya, wari mai kama maƙoshi. Mai shagon ya fito, rigarsa duk 'yan huji inda asid ya ci. Muka gaisa, ina kwana, ina gajiya, ina iyali, yaya zafi, yaya kasuwa, yaya yaran makaranta. Ni kuwa sai duban agogo nake. Da aka gama na ce masa ruwan da ya ba Baba akwai asid a ciki.

"Ƙwarai kuwa," ya ce, har da jin daɗi. "Ruwan batir aka ce mani. Ruwan batir kuwa ba ni ba da shi lami, sai na ɗan sa mashi ƙarfi. Da dattijon nan ya ce na makaranta ne, sai na ce to waɗannan a kyautata masu."

Na buɗe baki zan zazzaga masa, sai na rasa ta inda zan fara. A garin nan in an ce an watsa wa wani ruwan batir, kowa ya san ba tsarkakakken ruwa ake nufi ba. In direba ya ce zai ƙara wa batir ruwa, shi kuma farin yake nufi. Suna ɗaya, abu biyu, kuma na san haka tun ina yarinya. Daga bakina kalmar ta fito.

Na ce, "Abin da ka zuba bai cika ɗan kofin shayin Buzaye ba. Ya wuce rabi, amma bai cika ba."

Ya dube ni, ya dubi Baba. Ya shiga ciki ya fito da ɗan kofin gilashi da ya dushe, ya sa babban yatsa ƙasa da bakinsa kaɗan. "Nan nike tsayawa. Malama, duba kike yi?"

"Lissafi ne."

"Kai! Ashe abin naku gaskiya ne."

Maganar nan ta fi zagi yi mani zafi. Mutumin da bai taɓa shiga aji ba yana da inda yake tsayawa a kofinsa, kullum wuri ɗaya, kuma bai ɓoye ba da aka tambaye shi. Ya ce in ana so zai zo makarantar ya faɗa da bakinsa. Na yi masa godiya muka hau babur.

Na iso ana saura sa'a guda a rufe jerin. Na tarar da Malam a ɗakin malamai da kofin kunun zaƙi a gabansa. Kafin in buɗe baki ya tare ni da fara'a.

"Malama, kwantar da hankalinki, an gama. Gwaggon ɗiyar taki, mai ashirin ɗin nan, ta zo da safe tana roƙo, na tausaya. Na sa ta sake yi da sauran ruwan. Ga shi, ta ci, har na sa sunanta."

Ya miƙo mani takarda. Rubutunta ne, mai tsafta, lambobi a miƙe: 25.10, 24.90, 24.80, 24.90.

Na ajiye masa tawa takardar a kai, na gaya masa komai, kumfar, jarkar, mai batir, kofin shayi. Ya sa tabarau ya bi lissafin layi-layi da bakin biro, yana gyaɗa kai. Abin da ya fi ƙona mani rai ke nan, ya gane tun kafin ya kai rabi.

"Lissafinki daidai ne," ya ce. "Aiki mai kyau. To yanzu mi kike so? In kayar da arba'in da ɗaya? In je in gaya wa mai makaranta Malama ta haɗa ruwan jarabawa da ruwan batir? Ita kanta ɗiyar taki, takardar da ke hannuna yanzu irin ta sauran ce."

"A mayar mata da ta farko, a ba ta makinta."

"Ta farko na yaga, don kada ta zame mata abin kunya a fayil." Ya kurɓi kunu. "Ki zubar da jarkar nan kafin babbar jarabawa. Kuma nan gaba ki rubuta wa Baba a takarda."

Ofishin mai makaranta taku goma ne daga inda nake tsaye. Ban je ba. Na gaya wa kaina cewa sunan yarinyar ya shiga, abin da ake nema ke nan, tayar da magana ba zai amfane ta ba. Wataƙila ma gaskiya ne. Amma na san abin da ya riƙe ƙafata, kuma ba ita ba ce. Na ja jarkar zuwa bayan aji na tuntsurar da ita a kwata, ina jin ƙyamar Malam, da makarantar, da allon bakin ƙofa, da matar da ke riƙe da jarkar.

Na sami yarinyar a ɗakin gwaji ita kaɗai tana wanke kayan da ta yi aiki da su. Kwalba ɗaya ta rage bisa benci ba ta kai ga zubarwa ba, ja wur. Da ta gan ni ta rusuna, fuskarta a sake, irin sakin da ban taɓa gani a wajenta ba.

"Malama, na gode. Na bi maganarki. Da tun farko na ji, da gwaggo ba ta sha wahalar zuwa ba."

Na ce mata ta ajiye soson. Na shimfiɗa takardata bisa benci, na nuna mata komai tun daga sama. Na ce ruwan ne ya gurɓata, ni na gurɓata shi, ashirin ɗinta ita ce gaskiya, duk ajin ita kaɗai ta yi aikin. Na ce ta manta da abin da na raɗa mata ranar Talata, maganar banza ce. Ta bi yatsana da ido cikin ladabi har na kai ƙarshe.

"To, Malama," ta ce.

Irin "to" ɗin da ake ce wa babba don a rabu lafiya. Ta ɗauki jar kwalbar za ta juye a kwatami. Na riƙe hannunta, don ina son in ji ko da abu ɗaya ya rage.

"Yau da kika sake, a nawa ya juya?"

Ta dube ni, kamar mai neman amsar da za ta faranta mani.

"Ban duba ba, Malama."